Burtun da Dadirai ta Fasa

Chitungwiza,
14 ga Disamba, 1996

Gwaggo Hazvinei,

Na durƙusa, na tafa hannu, ina gaishe ki. Da fatan kina lafiya, da fatan ƙafar nan ta daina kumbura, don na san ba za ki ɗaga ta daga kan keken ɗinki ba ko likita ya yi ta magana har ya gaji. Mu nan lafiya lau. Tarin Mama ya yi sauƙi, har ta koma yi wa maƙwabta faɗa a kan kajinsu. Ruwa ya zauna sosai, masarar bayan gida ta kai gwiwa. Yaya Garikai da matarsa da yara suna nan ƙalau.

Kin san abin da ke tafe da ni, watan waiwaye ne. Shekara ashirin da ɗoriya, duk makon nan Baba yakan jera abin da ya rage na aikin shekara a tsakar gida, ya kifa bokiti ya zauna, ya yi ta kallo har shayinsa ya huce. Sannan ya ɗauki wanda ya fi rashin rai a ciki ya sa masa guduma, ya shiga ɗaki ya rubuta miki. Bara ban yi ba, wata uku ke nan da binne shi, ko ƙarar guduma ba na son ji. Bana na yi. Tunda ke kika saba karɓar tasa wasiƙar, sai ki karɓi tawa, ko kina so ko ba kya so.

Tambayoyinsa uku na bi: me hannuna ya koya, me ya maimaita, wanne zan fasa.

Abin da ya koya shi ne tsayawa. Akwai wata mai tumatir a tashar bas ta Makoni, takan yi gyangyaɗi a zaune, haɓa a kan dunƙulen hannu. Na yi wata biyu ina sayen tumatir ɗin da ba mu buƙata don in kalle ta. Na sassaƙa ta a baƙin dutsen Guruve, na goge fuska da hannun kawai, su na gasa na shafa wa kaki, sauran jikin na bar shi yadda ya fito daga rami, toka-toka da shi. Mama kullum sai ta ce, "Yaushe za ki ƙarasa baiwar Allahn nan?" Na ce mata ta ƙarasu. Mutumin Harare da ke sayen kayanmu ya zagaya ta sau uku, sannan ya ce ina tsuntsayen. Ban damu ba. Ita ce abu mafi kyau da na taɓa yi, kuma ba sai wani ya faɗa mini ba.

Abin da ya maimaita kuwa, burtu. Burtun Baba, mai ɗaga kai, wanda ya sa aka san sunan gidanmu, Marembo. Arba'in da uku na yi bana, Gwaggo. Ina yin sa ina hira, ina yin sa ina tunanin miyar dare. Ranar nan na gama guda ban ma san na fara ba.

Sai wanda na fasa. A watan Yuni na yi wani burtu daidai girman na ƙarshe da Baba ya yi, wanda ke kan kanta muna kwaikwayo. Da zare na auna shi gaɓa-gaɓa, don in ga iyakata. Akwatin mutumin Harare ya cika, sai ya rage a nan. A Oktoba iska ta yaye kwanon rumfa, aka yi ta kwasar kaya cikin ruwa, tsuntsayen biyu suka haɗu a wuri ɗaya. Dutse iri ɗaya, kuma babu suna a ƙarƙashin ko ɗaya, tunda sai ranar ɗaure kaya muke sa suna, na Baba kuwa ba na sayarwa ba ne. Na fito da su rana na ajiye kusa da juna. Ɗaya ya ɗaga kai kamar ya ji tsawa daga nesa. Ɗayan wuyansa a sanƙare, kamar wanda ya kwana a kan benci. Ba sai na tambayi kowa ba, na ce mai sanƙararren wuyan nan nawa ne. Na mayar da na Baba kan kanta, nawa na ba shi guduma uku.

Yaya Garikai ya fito yana ta hayaniya. Kin san shi, ba zan ɓata takarda ba.

To ga abin da waiwayen ya bar ni da shi: na gama da burtu. Ba zan ƙara sassaƙa shi ba.

Na san a Agusta, ranar bikin dawo da ruhun Baba gida da ɗora dutsen kabarinsa, ke za ki kwance jakar ƙarafansa ki kira suna. Na kuma san wanda aka miƙa wa jakar shi ke da rumfa, shi ke faɗin abin da za a sassaƙa a cikinta. Ba zan yi miki kwana-kwana ba, ina son ta. Shekara goma sha ɗaya na yi a zaune a hagunsa.

'Yarki,
Dadirai

Francistown,
9 ga Janairu, 1997

Dadirai,

Na amsa gaisuwarki. Ƙafa da sauƙi, aiki ne dai ya yi yawa, makarantu za su koma, kowace uwa sai yanzu ta tuna ɗanta ba shi da wando. Ki gaishe mini da uwarki, ki ce ta riƙa shan lemun tsami da zuma ko tarin ya tafi.

Wasiƙarki ta iso kwana huɗu bayan ta yayanki. Garikai da bai rubuta mini ko layi ɗaya ba tun bikin aurensa, shi ne ya cika shafi biyu gaba da baya. Ya ce shi da hannunsa ya ɗauko burtun ubanku daga cikin ruwa ya ajiye a dama, kuma na dama kika fasa. Ya ce da gangan kika yi, don kin gaji da tsuntsun, kina so a rasa abin kwaikwayo. Ya rubuta wa Baffanku Chenjerai a Guruve, yanzu ƙauyen nan kaf babu wanda bai ji ba.

Ban yarda da gangan kika yi ba. Na san ki tun kina cin ƙasa. Amma na karanta wasiƙarki daga sama har ƙasa ina neman inda za ki ce "wataƙila", ban samu ba. Ke ce mai ido, ke ce alƙali, ke ce mai guduma. Abu na ƙarshe da yayana ya taɓa da hannunsa yana cikin biyun nan, me ya hana ki kira uwarki ta duba kafin ki ɗaga hannu? Ana yi mana kirari da Chihera, matan gidanmu da ba a tanƙwara su, ni ma ina jin daɗinsa a wurin biki. Amma taurin kai ba ya mayar da dutse yadda yake.

Sai layin nan naki, wai ba za ki ƙara sassaƙa burtu ba. Sau uku na karanta shi, na cire tabarau na goge na sake. A wurin makoki, a gabanki, aka yanke cewa burtu za a ɗora a kabarin ubanki Tichafa, kowa kuma ya juya ya kalle ki. Yanzu me kike so in ce musu? Mutumin da ya yi shekara talatin yana sassaƙa, a je bakin titi a sayo masa dutsen kabari? Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Maganar jaka kuma, ki sani al'ada tana bayan ɗa namiji. Ni kaɗai ce nake tsaye a kanki a gaban baffanninku, ina cewa wanda ya iya aikin shi ya kamata a ba. Yanzu kin kashe mini baki. Ki ba ni amsa, kuma ki bar mini zancen mai tumatir tukuna.

Gwaggonki,
Hazvinei

Chitungwiza,
2 ga Fabrairu, 1997

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Mama ta ce zumar ta yi tsada, lemun kuwa tana sha. Masara ta fara fitar da gemu. Ƙaramar 'yar Yaya ta yi zazzaɓi kwana uku, ta warke.

Maganar kabari, kin yi mini mummunar fahimta, amma laifina ne da ban yi bayani ba. Burtun akwati nake nufi, wanda ake naɗewa da jarida a kai ƙasashen da ba su taɓa jin kukansa ba. Na kabari kuwa, ni a ganina ba sabo ya kamata a yi ba. Na Baba da ke kan kanta shi ya kamata ya tsaya a kansa. Wane hannu ne zai fi nasa cancanta?

Kin ce me ya hana in kira Mama. Gwaggo, Mama da bakinta take cewa duk baƙaƙe ne, duk masu nauyi ne, duk suna hana ta shanya. Shekara talatin da biyar tana auren masassaƙi, abin da ta sani game da dutse shi ne ƙurarsa ba ta fita daga riga.

Shi kuma Yaya, ranar da iska ta yaye rumfa, rigarsa ce a lulluɓe a kansa, yana gudu yana zagin mai kwano. A haka ne ya riƙe dama da hagu har wata biyu? Mutumin da dorinarsa ta dutse ashirin ke jere a bakin hanyar Masvingo, duk sun buɗe baki iri ɗaya kamar an ba su labari maras daɗi, shi ne zai koya mini bambanta hannu da hannu? Ina girmama shi, yayana ne. Amma a kan dutse ba zan yi masa kara ba.

Na san hannun Baba kamar yadda nake gane tarinsa daga bayan katanga. Kwana uku yakan yi a kan wuya kaɗai. Ya ajiye guduma, ya ɗauki magagari, ya ci kaɗan, ya ja baya, ya sha taba, ya dawo. Yakan ce mini duk tsuntsun a wuya yake, sauran nama ne kawai. Mutumin nan bai taɓa yin sanƙararren wuya ba a rayuwarsa. Gutsattsarin suna cikin buhu a bayan kicin, ban ko ƙara kallonsu ba. In aka ce in sake zaɓa gobe, shi zan sake ɗauka.

Abu ɗaya nake so ki sani kafin Agusta. Yaya ya riga ya faɗa a gaban Mama cewa in jaka ta zo hannunsa, burtu da dorina kaɗai za a yi a rumfar nan, don su ke fita, mai tumatir kuma a matsar da ita bayan gida kusa da makewayi. In haka ta faru zan tattara in tafi. Ba barazana nake yi ba, ban ma san inda zan je ba. Amma ba zan yi arba'in da uku na biyu ba.

'Yarki,
Dadirai

Chitungwiza,
20 ga Afrilu, 1997

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Da fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu nan lafiya, an fara karyar masara, Mama ta cika ɗaki da kabewa har ba wurin taka ƙafa.

Wata biyu da rabi ke nan babu wasiƙarki. Da farko na ce gidan waya ne. Sai Maman Shupikai, mai kai kayan saƙa Francistown, ta dawo ta ce ta gan ki a kan keke kina dariya da wata mai shago, har kin ba ta shayi. Ashe shirun nawa ne ni kaɗai.

Yaya ya ɗauke burtun da ya rage ya kulle a ɗakinsa. Na roƙe shi ya bar ni in gan shi ko na minti biyar, ya ce in na ga dama in kawo gudumar ma. Baffa Chenjerai ya zo ya kwana biyu, ya ci tuwon sadza da na tuƙa, ya yaba miyar ga Mama, ni ko kallo ban ishe shi ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin rumfa shi da Yaya suna nuna inda za a ƙara kwano.

Ina aiki. Na fara wani sabo, mata biyu sun ɗauko bokiti ɗaya daga famfo, kowace tana ganin ɗayar ce ba ta ɗagawa. Yana tafiya yadda nake so. Ban canja maganata ba, Gwaggo. Sai dai kwanakin nan nakan ɗaga guduma in tsaya da ita a sama, in ji ina ƙoƙarin tuno yadda rana ta faɗo a kan tsuntsayen nan biyu, da gefen da na tsaya. Abin da ban taɓa yi ba ke nan.

Ki rubuto, ko zagi ne. Shirunki ya fi mini hayaniyar Yaya ciwo.

Dadirai

Francistown,
11 ga Mayu, 1997

'Yata,

Na amsa gaisuwa. Lafiyata ƙalau, Maman Shupikai ba ta yi ƙarya ba, sai dai bakinta ya fi jakarta girma. Ki gaishe da uwarki, ki ce ta ajiye mini kabewa biyu.

Maganar kabari na gane, na kuma janye abin da na faɗa a kanta. Na karanta da fushi ne.

Ba gaba nake yi da ke ba. Da wasiƙarki ta Fabrairu ta zo, akwai abin da kika faɗa game da wuya wanda ya tsaya mini a rai, kamar na taɓa jin sa a wani wuri. Akwatina mai wasiƙun ubanki yana Bulawayo wurin Sekesai, 'yata, sai da hutun Ista ya zo na samu na je. Na nemo ta ƙarshe da ya aiko, na karanta, na ninke. Daga nan na yi wata guda da ɗoriya ina faɗa da kaina, in faɗa miki ko in bar shi ya tafi da ni. Da na yi shiru da babu mai sani har abada, da kuma na fi samun sauƙin tsaya miki a Agusta. Amma ke kika zaɓi ki karɓi al'adarsa ta waiwaye, kuma ba a yin ta da rabin ido.

Ga abin da za ki yi. Ki buɗe buhun nan, ki ciro gutsuren da ke da wuya. Ki hura wuta ki kara shi kamar za ki shafa kaki, amma ki bar shi ya wuce haka, har tsohon kakin ya narke ya tsiyaye. Ki goge da tsumma. Ki duba da kyau, ki kuma shinshina. Ki yi ke kaɗai, kada ki kira kowa.

Sannan ki rubuto mini abin da kika gani, yadda kika gan shi. Kada ki tambaye ni komai kafin nan.

Gwaggonki,
Hazvinei

Chitungwiza,
25 ga Mayu, 1997

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Kowa lafiya. Sanyi ya fara, Mama ta fito da bargunan.

Na yi ranar Alhamis da rana, bayan Mama ta sa farar rigarta ta tafi taron matan coci. Wuyan bai fashe ba, guda ne, daga kai har kafaɗa. Na kara shi a wuta. Kakin ya tsiyaye, dutsen ya koma toka-toka. Da na goge sai ga wani layi siriri kamar gashi ya zagaye wuyan gaba ɗaya, ƙasa da haɓa da yatsa biyu. Na ce jijiyar dutse ce. Na mayar da shi wuta. Layin ya fara tafasa, ya yi ruwan ƙasa, sai wari ya bugi hancina.

Gam ne, Gwaggo. Gam da aka kwaɓa da garin dutsen kansa, aka haɗa wuyan da ya cire, aka goge, aka rufe da kaki. Aiki ne na gwani, har guduma ta fasa ko'ina ta bar wurin.

Ni ban taɓa sa wa dutse gam ba. Ko gwangwaninsa ban taɓa riƙewa ba. Ina da shekara goma sha tara na ga Baba ya kori wani masassaƙi daga rumfar nan da kayansa a ka, saboda ya liƙe kunnen zomo. Tun ranar na san abin da ba a yi a gidanmu.

Saboda haka nasa ne. Yaya ya yi gaskiya. Na fasa burtun Baba na ƙarshe da hannuna, na kuma zauna na rubuta miki ina alfahari.

Na yi kuka a bakin murhun nan har wutar ta mutu. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Kuma ban san wanne ya fi mini zafi ba, abin da na fasa, ko tunanin Baba shi kaɗai a rumfa yana kwaɓa gam yana sauraren kada wani ya shigo. Ina hagunsa a shekarar nan, ban ga komai ba. Shekara biyu kuma ina ɗaga kai ina kallon tsuntsun nan a kan kanta, har da zare na auna shi, ban taɓa ganin wuyan a sanƙare ba, saboda na san na Baba ne. Sai ranar da ban san na wane ne ba idona ya buɗe.

Ban jira ki ba, ki gafarce ni. Da Mama ta dawo na kira ta da Yaya na faɗa musu. Yaya ya ce, "Ai na faɗa miki." Sai na miƙa masa wuyan. Ya juya shi, ya shinshina, ya daɗe yana riƙe da shi. Ya ce, "Baba ne ya yi wannan?" Na ce shi ne. Ya sa shi a aljihun kwat ɗinsa ya fita. Mama ta ce ita ta san hannunsa yana rawa, don shayi yakan zube masa, amma ya hana ta faɗa.

Maganar jaka, ba zan ce ba na son ta ba, ƙarya zan yi. Amma ba zan ƙara roƙo ba, duk wanda kika kira na yarda. Abu ɗaya ne ba zan janye ba ko a gaban baffanni. Wuyan nan a sanƙare yake. Abin da na gani daidai na gani, mai shi ne na ɓata.

'Yarki,
Dadirai

Francistown,
6 ga Yuli, 1997

Chihera,

Na amsa gaisuwarki, na kuma gode da kika faɗa musu da bakinki ba ki jira na tilasta ki ba. Ƙafa tana nan yadda take, sanyin nan ba ya yi mata daɗi. Ki gaishe da uwarki da Garikai da yara.

Wasiƙar ubanki tana gabana, ta Disamba 1994. Zan kwafa miki yadda ya rubuta, ban da inda yake tambayar kuɗin taki.

"Hazvinei, bana hannuna bai koyi komai ba sai rawa. Burtun da na gama a Nuwamba, ina kan wuya ƙarfe ya zame, kan ya faɗo a cinyata. Na yi abin da na kori mutane a kansa. Shi ya kamata in fasa bana. Na ɗaga guduma na kasa, don ban sani ba ko zan iya yin wani. Sai na fasa wani daban da bai yi laifin komai ba, karo na farko da na yi wa waiwaye ƙarya. Na ɗora shi a kan kanta na ce wa Dadirai ta riƙa dubawa tana koyo. Ba ta buƙatarsa. Tun bara ni nake satar kallon wuyan nata in gyara nawa. Yarinyar nan ta wuce ni, kuma in aka bar ta da tsuntsuna zai cinye ta. Kada ki faɗa mata, kin san kan matan gidanmu, in ya kumbura ba zai shiga ƙofa ba."

To kin ji.

Kada ki ɗauka wannan ya wanke ki. Abin da kika fasa na uban Garikai ne shi ma, ya faɗi gaskiya kika yi masa dariya da dorinarsa, dorinar da ke sayen garin da kike tuƙawa. Kafin in iso ki nemi kaza, ki je ƙofarsa ki durƙusa ki tafa hannu yadda ake yi, ki ba shi haƙuri a gaban matarsa. Ba zan kwance komai ba sai an gaya mini kin yi.

Na rubuta wa Baffanku Chenjerai, na kwafa masa layukan ƙarshe kawai. Maganar gam ta tsaya a tsakaninmu mu huɗu, ba zan tona yayana a gaban ƙauye ba. Baffanku ya aiko da amsa mai tsawo a kan al'ada. Na ce masa al'adar ce ta ba ni kwance jakar, kuma mai jakar ya riga ya yi magana. Sunanki zan kira. Garikai yana da gefensa a rumfa muddin yana so, amma ke za ki zauna a kan bokitin.

Burtun da ke kulle a ɗakinsa shi za a ɗora a kabari, yadda kika ce tun farko, sai dai ba don dalilin da kika bayar ba.

Ni abin da ya hana ni sukuni a duk maganar nan ba fasawar ba ce. Ke da kowa ke cewa kin cika ji da kanki, kin tsaya a gaban aikinki da na ubanki, kin ga ɗaya ya fi, ko daƙiƙa ɗaya ba ki yi tunanin naki ne ya fi ba. Ni ma haka na yi, shekara goma ina goge masa duwatsu a Guruve ban taɓa ɗaukar ƙarfe ba, don na riga na yanke cewa ba zan kai shi ba. Ban sani ba ko da na kai. Ke yanzu kin sani.

Zan iso ranar Laraba ta biyu a watan Agusta, bas ɗin safe daga Bulawayo. Ki zo tasha da kanki, ki bi da ni ta Makoni in ga mai tumatir ɗin da idona kafin in ga ta dutse.

Ya ce kada in faɗa miki. Na faɗa.

Gwaggonki,
Hazvinei